Tebur Mai Fuska Biyu

Ɗakin da na kama tun ina Kano, da na iso Landan sai na tarar coci ne. Na tsaya a bakin titin Old Kent Road da akwati biyu, ɗaya na tufafi ɗaya na kayan sassaƙa, ina duba lambar da ke wayata ina duba wadda ke jikin ƙofa. Lamba dai ita ce. Amma maimakon ɗaki mai gado da taga da aka nuna min a bidiyo, wani tsohon sito ne aka jera wa kujerun roba, ga ganguna can gaba. Na kira mutumin da ya karɓi kuɗina, wanda ba ya gama magana bai ce min "ɗan'uwana" ba. Wayarsa a kashe. Har yau a kashe take.

Shekarata arba'in da ɗaya a lokacin, ashirin daga ciki a kafinta na yi su, kuma na ɗauka babu kalar damfarar da ban sani ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ni da kaina na yi wa mutumin godiya har da addu'a.

Wata mata mai shara a cocin ce ta leƙo ta gan ni. Bayarabiya ce, amma a Sabon Gari ta girma, Hausa a bakinta raɗau. Ta ce, "Malam, shigo kafin sanyi ya kama ka. Kai ma ɗaki aka ba ka? Ba kai ne na fari ba." Ta haɗa min shayi mai zafi, ta shimfiɗa min kwali a lungun da babu hotuna, ta duba wayarta ta nuna min gabas na yi azahar. Sallata ta farko a Ingila a coci na yi ta, kuma ban taɓa samun natsuwar da ta fi ta ba. Da na idar ta karɓi takardar aikina, ta kira lambar da ke ƙasa.

Dalilin zuwana ke nan, aiki. Wani Alhaji da na taɓa sassaƙa wa firam ɗin madubi ya kawo shi gidansa na Landan, firam ya tsage a hanya, ya kai gyara wani ƙaramin shago da ke yin kayan ɗaki irin na Faransawan dā. Mai shagon ta tambayi Alhajin wa ya yi sassaƙar. Bayan shekara guda ta rubuce-rubuce, ta ɗauke ni aiki, da sharaɗin gwaji na wata uku. In hannuna ya yi mata, na zauna, har in kawo matata Hindatu da 'yarmu Nana. In bai yi ba, takardar zamana ta faɗi, sai gida. Gidan kuwa na riga na sayar da injinan shagona na bar wa ƙanena rumfar. Komawa na nufin in je in tsaya a bayan yaran da ni na koya musu riƙe zarto.

Wanda ya zo ɗaukata direban shagon ne, Baba Isaka, wani dattijo mai faffaɗan ƙirji daga zangon Kumasi. Ya jefa akwatunana a mota kamar matashi, ya ji labarin ɗaki, ya yi dariya har da buga sitiyari.

"Ɗan Najeriya ya cuci ɗan Najeriya! To ba komai, Kafinta. Gida na akwai ɗaki ɗaya a Catford, yaro na ya yi aure ya bar shi. Gobe Madam ya ce ka zo da safe. Madam ba ya son latti."

Na kwana ina tunanin wane irin namiji ne ake kira Madam, ni da na san mai shagon mace ce. Sai da na ji yana cewa matarsa "ya dafa abinci" na gane Hausarsu ce haka, ba ruwanta da mace ko namiji.

Shagon yana ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, duk bayan 'yan mintoci rufi ya yi rugugi ƙura ta zubo. Madam Kolet gajeruwa ce, ta haura sittin, tabarau rataye a wuya, hannayenta kuwa duk tabon kurfin sassaƙa irin nawa. Da na ga hannun na san ba a ofis ta koyi aikin ba. Turancinta na Faransa, nawa na Kano, sai mu haɗu a tsakiya da nuni. Ta buɗe wata faffaɗar durowa ta fito da zane-zane, ta ce kwafi ne na waɗanda aka yi tun zamanin sarkinsu na ƙarshe kafin juyin juya hali.

Gaskiya da fari ban ga abin kallo ba. Ni da na saba da gadon amarya irin namu, wanda kan gadon kaɗai sai ƙarti huɗu sun ɗaga, ga fure kan fure ga ruwan zinare har ido ya gaji, sai aka nuna min kujera mai ƙafa siririya miƙaƙƙiya kamar ta balbela. An zana ta da tawada, layi siriri, an ɗan shafa launi ruwa-ruwa don inuwa. Ƙafar tana da kwarmi-kwarmi a tsaye daga sama zuwa ƙasa, a samanta ɗan fure guda a cikin murabba'i, shi ke nan. Madam ta ce mutanen lokacin sun gaji da ado mai murɗe-murɗe, sai suka koma kwaikwayon ginshiƙan tsofaffin gine-ginen Girka da Rum. A raina na ce, talauci dai ya kama sarkin.

Satin farko ta ba ni bayan kujera in sassaƙa. A zane, ɗan ƙullin kirtani ne a sama, sauran fili fayau. Filin nan ya dame ni. A Kano in ka bar wa mai kaya fili haka, cewa zai yi ka ci kuɗinsa. Sai na zauna na fitar da furanni biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, har da ganye, don ta san ba a banza ta ɗauko ni ba. Na ajiye ina jiran yabo.

Ta sa tabarau, ta duba furen, ta shafa da yatsa. Ta ce, "Kyakkyawa ne. Kankare shi."

Na ce, "Madam?"

"Wanda ya zana wannan ya san fure. Da yana so da ya sa. Ka bi zane, Sani. Kar ka ƙara, kar ka rage."

Na kankare furen nan da hannuna, zuciyata na tafasa. Baba Isaka yana gefe yana naɗe kaya da bargo, ya ce cikin Hausa, "Haƙuri, Kafinta. Nan ba a ƙara gishiri sai an tambaya." Tun daga ranar na yi wa kaina alkawari: abin da takarda ta ce shi zan yi, ko da ta ce in yi wa kujera wutsiya.

A hankali kuma zanen ya fara shiga raina. Kwarmin ƙafar nan da na raina, sai da na gwada na gane wuyarsa. In hannu ya kauce kamar ƙwayar gero, ƙafar gaba ɗaya za ta tona maka asiri, don babu fure da za ka ɓuya a bayansa. Na kan zauna lokacin cin abinci in yi ta kallon takardun, in ga yadda mai zanen ya auna komai da komai. Sai ya tuna min Babana, Allah ya jiƙansa. Mai ɗinkin hannu ne a birnin Zariya. Kafin ya sa allura sai ya shimfiɗa babbar riga a tabarma ya zana adon da alƙalami, mu yara ba mai tari.

Zaman Catford kuwa Alhamdu lillahi. Matar Baba Isaka, Hajiya Memuna, kullum sai ta cika min kwano da shinkafa da wake irin nasu mai ja, da yaji baƙi mai sa hawaye. Jikokinsu in na ce "ina kwana" sai su ce "fine, Uncle", suna jin Hausa sarai amma bakinsu ya ƙi. Abin da ya fi damuna rana ce. Ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu, sai in ji kewar gida ta taso min ba dalili. In na kira Hindatu sai Nana ta ƙwace wayar ta ce, "Baba, ka gama gyara mana gidan?" Ni ne na ce mata gida na zo gyara mana, kuma ta riƙe maganar da ƙarfi.

Saura kusan sati huɗu gwajina ya ƙare Madam ta kira ni. Za ta tafi Faransa kwana goma sha biyu, 'yar'uwarta ba lafiya. Ta shimfiɗa min zanen wani tebur na jikin bango, mai ƙafa huɗu, wanda za a ɗora wa dutsen marmara. Aikin wani babban kwastoma ne. Ta yi bayani da sauri tana duba agogo, jirgi na wucewa a samanmu. Na ji "client", na ji "choice", sauran ya bi rugugi. Ta ce, "Ka gane?" Na ce, "Yes, Madam." A wurinmu babban kafinta ba ya cewa a maimaita masa.

Da ta tafi na zauna da zanen. Wani siririn layi ya raba teburin gida biyu. Ƙafafun hagu kwarminsu a tsaye, gaban teburin ta wannan ɓangaren an zuba masa ganye jere kamar an rataya. Ƙafafun dama kuwa kwarminsu murɗe yake yana hawa, adon gaban kuma zobba ne masu shiga juna. A ƙasan ɓangaren hagu akwai ɗan gicciye na fensir, na ɗauka datti ne har na so gogewa.

Kuma wallahi ko kaɗan ban yi mamaki ba. Daɗi ma na ji. Duk wanda ya tashi a gidan ɗinkin babbar riga ya san hagu da dama ba sa zama ɗaya. Adon da ake kira aska takwas a hagu yake sauka, kan aljihu, dogo har ƙasa. Dama kuma tambari ne zagayayye, da fili kewaye da shi. Rigar da aka yi wa ado iri ɗaya dama da hagu, ai dariya za a yi wa mai ita. Na ce ashe Faransawan nan ma sun san kan ado. Na ji kamar na haɗu da ɗan garinmu a tasha.

Ban taɓa aiki da zuciya ɗaya kamar wannan ba. Inda ganye ya haɗu da zobba a tsakiya, zanen bai nuna yadda za su gaisa ba, na kwana biyu ina lallaɓa su har suka shiga juna kamar tare aka haife su. Baba Isaka ya zo ya zagaya teburin, ya karkata kai.

"Kafinta, wannan ƙafa da wannan ƙafa ba uwa ɗaya ba."

Na ce, "Baba, haka takarda ta ce."

"To. Ni direba ne."

Ranar Alhamis Madam ta dawo. Na share shago, na lulluɓe teburin da zane don in buɗe a gabanta. Da na yaye, ta tsaya. Ta sa tabarau, ta cire, ta sake sawa. Ta je hagu, ta je dama. Jirgi ya wuce, wani ya sake wucewa, tana ta zagaya teburin. Nan na sha jinin jikina.

Ta ɗauko zanen, ta ɗora yatsa kan layin tsakiya. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Sani, wannan tebur biyu ne. Mai zane yana raba takarda ya nuna wa mai kaya iri biyu, wannan ko wannan. Mai kaya ya zaɓa." Ta matsar da yatsa kan ɗan gicciyen fensir. "Ya zaɓi hagu. Na faɗa maka."

Ashe zanen tambaya yake yi, ni kuma na ɗauke shi umarni. Kunya ta rufe ni tun daga kai har ƙafa. Ga katako mai tsada ya tafi, ga kwana goma sha biyu, ga kwastoma na jira. Ta ce in tafi gida, in dawo gobe ƙarfe uku mu yi magana. A mota Baba Isaka bai yi dariya ba, abin da ya ƙara tsorata ni ke nan. Da Hindatu ta kira na ce mata lafiya lau, ta ce muryata ba ta ce haka ba, na ce mura ce.

Washegari Juma'a. Na ce in dai wannan ce Juma'ata ta ƙarshe a Landan, to zan yi ta da mutunci. Na buɗe ƙasan akwati na ɗauko farar babbar rigar da Babana ya ɗinka min ta aure, aikinsa na ƙarshe kafin idonsa ya raunana. Na ɗora ƙatuwar rigar sanyi a kai, na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa masallacin Whitechapel. Masallaci ya cika maƙil, mutanen Bangladash da Somaliya da namu, kafaɗa da kafaɗa. Ban roƙi Allah ya bar ni a Landan ba. Na roƙa ya ba ni bakin da zan gaya wa Nana.

Ƙarfe uku na shiga shago. Madam na zaune kan benci gaban teburin, da kofin gahawa a hannu. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Abu ɗaya nake son sani. Mutum mai ido irin naka, ka ga hagu daban dama daban, kwana goma sha biyu, ba ka ji wani abu ya dame ka ba? In idonka bai ga wannan ba, ban san me zan yi da hannunka ba."

Na nemi Turancin da zan yi bayani, ya gudu. Sai kawai na zuge rigar sanyi na cire, na ware hannuwa.

Ta ajiye kofin. Ta matso, ta ce, "Zan iya taɓawa?" Ta bi askar da yatsa daga kafaɗa har ƙasan aljihu, ta ƙirga tsinayen, ta koma dama ta zagaya tambarin. Ta juya bakin aljihun ta duba bayan ɗinkin, yadda duk mai sana'a yake yi. Na ce mata Babana ne ya yi, da allura, wata biyar. Na ce a wurinmu nauyin ado gefe guda yake zama, ɗaya gefen ya ba shi amsa. Na ce da na ga zanenta, rigar nan na gani. Sannan na faɗi wadda ta fi min wuya: ranar da ta yi min bayani ban ji rabin maganarta ba, girman kai ya hana ni tambaya.

Ta kalli rigar, ta kalli teburin, sai ta fashe da dariya har da riƙe benci. Baba Isaka ya leƙo daga waje ya ce, "Madam ya yi dariya? To ba a mutu ba."

Da ta natsu ta ce, "Idonka lafiya lau. Bakinka ne ba ya aiki. Daga yau in ba ka ji ba ka ce ba ka ji ba." Ta ce ta roƙi kwastoma ƙarin kwana goma. Ƙafafun dama da allon gaba za a sake, ni kuma zan sake su. Batun zamana ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba, don ranar ban ga fuskar tambaya ba.

Kwana tara na yi. Na tambaye ta abu ya fi sau talatin, har ta fara cewa na rama ne. Ƙafafun da na cire da allon mai ganye da zobba ba ta bari an yar ba, ta rataye su a bango saitin ƙofa. Muka kai teburin ranar Laraba, mai shi ya shafa ya ce madalla, bai san ya taɓa yin fuska biyu ba.

Ranar Alhamis wata uku suka cika cif. Tun safe ina sauraron ta kira ni ofis, ba ta kira ba. Can da la'asar ta zo bencina ta ajiye babbar farar takarda da fensir. Ta ce tana son babban madubi na shagon kanta, wanda duk mai shigowa zai fara gani. "Zana min. Iri biyu, yadda masu zanen nan suke yi."

Na ja layi a tsakiya. A hagu na zana abin da na san tana so, jeren ganye da ɗan ƙullin kirtani a sama, komai a aune. Da na zo dama hannuna ya tsaya. Sai na zana askar Babana, tsinaye takwas suna sauka siri-siri a jikin firam, miƙaƙƙu kamar kwarmin ƙafar kujerunta, da ƙaramin tambari a kusurwa inda suke sa fure. Na tura mata takardar.

Ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki fensir ta yi ɗan gicciye a ƙasan dama.

"Wata nawa zai ci?"

Na ce, "Madam, in za a yi shi yadda ya kamata, wata biyar."

"To ka fara Litinin."

Ta juya ta tafi abinta. Sai da ta kai ƙofar ofis lissafin ya zauna min: wanda za a sallama yau ba a ba shi aikin wata biyar. Na ce, "Madam, ban ji ba. A maimaita." Ta ce, "Ka ji sarai."

Na fita bakin gada inda waya ke kamawa, jirgi na wucewa a sama, na kira gida. Nana ce ta ɗauka. Ta ce, "Baba, ka gama gyara gidan?"

Na ce, "Saura ɗakinki. Ba Mamanki wayar."